Idan Gwajin Ƙwaƙwalwa Ya Yi Kuskure, a Kan Wa Yake Faɗawa? Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi na ma'aikatan lafiya ne na asibitocin ƙauye, da malaman firamare, da iyayen da aka taɓa miƙa wa takarda aka ce ga sakamakon ɗanku. Tambayoyin irin waɗanda ke tasowa ne a ɗakin awo da ofishin hedimasta a ƙauyukan Kano da Jigawa.

Wane irin gwaji ne wannan, tunda ba jini ake ɗiba ba?

Ba jini, ba hoto. Jerin tambayoyi ne ko ƙananan ayyuka, kowace amsa da makinta, a ƙarshe a haɗa jimla. PHQ-9, wanda aka fi amfani da shi wajen gano ciwon damuwa, tambayoyi 9 ne kan yadda mutum ya kasance a makonni biyun da suka wuce, kuma makinsa daga 0 zuwa 27 ne. EPDS na masu jego ne, an fitar da shi a 1987 a Edinbara ta Sikotilan, tambayoyi 10, maki 30. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da SRQ-20, tambayoyi 20 da ake amsa i ko a'a. Gwajin kaifin basirar yara kuwa ya girme su duka: Alfred Binet da abokin aikinsa Simon sun fito da nasu a Paris a 1905, don a gane yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a aji.

Duk lamba suke bayarwa. Lambar kuma ba ta tura kowa asibiti, ba ta mayar da yaro baya a aji, sai wani ya ja layi ya ce daga nan zuwa sama ga abin da za a yi.

Ashe ba kuskure ɗaya ba ne? Ko gwaji ya dace, ko bai dace ba.

Kuskuren biyu ne, kuma ba su yi kama ba. Na farko, gwaji ya kama mai lafiya. Na biyu, ya saki mara lafiya. Masana lissafi Jerzy Neyman da Egon Pearson ne suka tsara rarrabewar nan, kuma a 1933 suka nuna abin da har yau ba a kauce masa ba: da gwaji ɗaya a hannu, in ka rage wannan kuskure, ɗayan zai ƙaru.

Duk malamar da ta taɓa naɗa zaren awon damtse a hannun yaro don duba tamowa ta san wannan, ko ba a koya mata da wannan suna ba. A da, sai damtse ya gaza santimita 11 ake cewa tamowa ta yi tsanani. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ɗaga layin zuwa 11.5. Hannuwan yara ba su canza ba. An dai ga cewa yaran da ke tsakanin lambobin biyu suna cikin haɗarin mutuwa, kuma bai wa yaron da bai kai can ba abincin tamowa ya fi sauƙi a kan barin wanda ya kai. Haka layin gwajin damuwa yake. Masu amfani da EPDS wasu suna ja a 10, wasu a 13. Mai ja a 10 ba zai saki mata da yawa masu ciwon ba, amma zai tara masu lafiya a layin jira. Mai ja a 13 akasin haka.

To me ka'idar yanke shawara, wato lissafin auna riba da asarar kowane hukunci, ta ƙara a kai?

Ta sauya tambayar. Maimakon a ce gwajin nan yana dacewa sau nawa, sai a ce: idan muka yi aiki da shi, me za mu samu, me za mu rasa? Abraham Wald ne ya kafa lissafin a shekarun 1940, ya tattara shi a 1950. A 1957 Lee Cronbach da Goldine Gleser a Amurka suka shigo da shi fagen gwajin halayya da basira, suka ce darajar gwaji tana ga ingancin hukuncin da yake taimakawa a yanke.

Lissafin ba shi da tsawo. Ka ƙiyasta nauyin kowane kuskure, sai ka ɗauki nauyin kama mai lafiya ka raba shi da jimlar nauyin biyun. Abin da ya fito shi ne yawan zaton da ya isa ka ɗauki mataki. A ce sakin mara lafiya ya ninka kama mai lafiya sau 4 wajen muni: 1 a raba da 5, kashi 20 cikin 100. Wato da zarar zatonka ya kai ɗaya cikin biyar, ka motsa. In nauyinsu ɗaya ne, sai zato ya kai rabi. In kuwa kama mai lafiya ne ya ninka sau 3, kamar a ce matakin shi ne a cire yaro daga makaranta, to sai zato ya kai kashi 75.

Lura da abin da wannan ke nufi. Gwaji ɗaya, mutum ɗaya, maki ɗaya, amma hukuncin da ya dace ya danganta da abin da za a yi masa bayan gwajin.

An ce mana PHQ-9 yana dacewa kashi 88 cikin 100. Me ya sa yawancin waɗanda muke turawa sai a dawo da su a ce lafiyarsu lau?

Lambar gaskiya ce. A binciken da Kroenke da abokan aikinsa suka wallafa a 2001, layin maki 10 ya kama kashi 88 na masu ciwon, ya kuma wanke kashi 88 na marasa shi. Amma wannan bai faɗa miki komai kan matar da ke zaune a gabanki ba, sai kin san yawan ciwon a cikin mutanen da kike gwadawa.

Mu yi misali da lambobin da muka zaɓa da kanmu. Mata 1,000, kuma 100 daga ciki suna da ciwon. Gwajin zai kama 88, ya saki 12. Sauran 900 ɗin, zai yi kuskure a kan kashi 12, wato 108. Waɗanda aka kama 196 ke nan, kuma masu ciwon a cikinsu ba su kai rabi ba. Idan mutum 20 ne kacal cikin 1,000 ke da ciwon, za a kama kusan 18 na gaskiya tare da kusan 118 na kuskure. A asibitin ƙwararru kuwa, inda a ce 400 cikin 1,000 na da shi, za a kama 352 na gaskiya da 72 na kuskure, fiye da kashi 80 daidai.

Tushen wannan lissafi na Thomas Bayes ne, wanda aka buga aikinsa a 1763 bayan rasuwarsa. Paul Meehl da Albert Rosen suka tunatar da masana halayya a 1955 cewa in ciwo ya yi ƙaranci sosai, mai cewa kowa lafiya lau zai fi gwajin yawan dacewa. Ba shawara suka ba da a daina gwaji ba. Sun nuna ne cewa ƙirga dacewa kawai yaudara ce. Saboda haka, Malama, ba ke kika lalata gwajin ba. Gwajin da ya yi kyau a hannun likita a birni zai ƙara yawan kamun kuskure idan aka baza shi ga duk wadda ta zo awo.

A ƙauye, wane kuskure ne ya fi tsada?

Nan ne maganar take, kuma nan ne takardun da ake kawowa daga waje ba su da abin cewa.

Ɗauki sakin mara lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 13 na matan da suka haihu suna fama da matsalar ƙwaƙwalwa, mafi yawa ciwon damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kusa kashi 20. Mai jegon da aka sallama da ciwon za ta koma gida ba barci, ba cin abinci, shayarwa ta yi mata nauyi, rigakafin jariri ya wuce ba a kai shi ba. A gida a ce lalaci ne, ko ƙiyayya, ko an yi mata sammu. Abin da ya ƙara nauyin kuskuren a karkara shi ne ba lallai a sake ganinta ba. Matar birni za ta iya komawa asibiti mako mai zuwa, wani ya lura. Matar da ke can ƙasar Doguwa ko Guri, zuwan nan ɗaya wataƙila shi ne damar.

Kama mai lafiya kuma ba ƙaramin abu ba ne, kuma nan ne masu tsara shirye-shirye suka fi raina lissafi. A takarda, asarar ita ce mintoci kaɗan na ganin likita. A ƙasa, kuɗin mota ne na mutum biyu, don mace ba za ta tafi ita kaɗai ba; yini guda ne na mai gida, wanda in damina ce ko kaka ba ya dawowa; sai kuma abin da ba a saya da kuɗi. A garin da kowa ya san kowa, a ji an kai wance asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Kazaure, magana ta fita ke nan. Kishiya ta samu abin gori. In budurwa ce, dangin manemi za su ji kafin a kai kuɗin gaisuwa, kuma tambayar ko akwai taɓin hankali a gidan tana cikin abin da ake bincike kafin aure, har ƙannenta abin ya shafa. Likita ya wanke ta a rana ɗaya, gari bai wanke ta ba.

Ra'ayina shi ne, tambayar wanne ya fi tsada ba ta amsuwa sai an faɗi matakin da ke biye. Idan abin da zai biyo bayan maki mai yawa shi ne zama na biyu a keɓe da ma'aikaciyar da ta saba da ita, a ranar da dama za ta kawo jariri rigakafi, kamun kuskure ya yi arha, a sauke layi a kama da yawa. Idan abin da zai biyo shi ne takardar turawa asibitin ƙwaƙwalwa a gaban uwar miji, ya yi tsada, kuma maki kaɗai bai isa ba. Mafi yawan gyaran da ake buƙata ba a gwajin yake ba, a matakin da ke bayansa yake.

Ta yaya za a sa wa baƙin cikin mutum ko mutuncinsa farashi? Wannan bai yi kama da rashin imani ba?

Ba naira ake nema ba. Abin da lissafin ke so shi ne a ce wannan ya ninka wancan kamar sau nawa, ko da ƙiyasi ne. Kuma wanda ya ƙi faɗa bai tsira ba. Da zarar ya yi amfani da layin da ke rubuce a takarda, ya karɓi nauyin da wani ya ɗora, a wata ƙasa mai motar ɗaukar marasa lafiya da likita a kusa.

Wa ya kamata ya faɗi nauyin? Waɗanda abin zai faɗa wa. Kwamitin lafiya na mazaɓa, ungozomomi, matan da suka taɓa shiga halin, limami, dagaci. Sau da yawa ungozoma ta fi mai digiri sanin abin da kalma ɗaya za ta jawo wa yarinya a gidan miji.

Ni hedimasta ne. Idan gwaji ya fi hasashen malamaina dacewa, me zai hana in raba yara da shi?

Ranka ya daɗe, Cronbach da Gleser sun raba hukunci gida biyu: na hukuma da na mutum ɗaya. Hukumar da ke tantance dubban ɗalibai, kamar yadda ake yi da makin JAMB, kurakuranta suna cinye juna. Ta rasa wani mai ƙoƙari a nan, ta samu wani a can. Tun 1939 Taylor da Russell suka fitar da jadawalin da ya nuna cewa ko gwaji mai rauni yana amfanar mai ɗaukar mutane kaɗan daga cikin masu nema da yawa. Amma yaron da aka yi kuskure a kansa ba shi da wani kansa da zai rama masa. Sau ɗaya abin ya same shi, gaba ɗaya.

Sannan a duba me rabon zai haifar. In ƙarin darasi ne bayan an tashi, yaron da aka saka bisa kuskure bai rasa komai ba. In kuwa za a ce wa uba ɗanka ba na boko ba ne, a ƙauye wannan na nufin gona ko kiwo ko talla, kuma da wuya ya dawo aji.

Mai maki 9 an sallame ta, mai maki 10 an riƙe ta. Akwai bambanci na gaske?

Kusan babu. In aka sake gwada su gobe suna iya musayar wuri. Kowane maki yana da ɗan kewayen kuskure. A gwajin basira, inda matsakaici 100 ne kuma ake yawan jan layi a 70, kewayen ya kai kusan maki 5 sama ko ƙasa. Maganar ta kai har Kotun Ƙolin Amurka: a 2002 ta hana zartar da hukuncin kisa a kan masu naƙasar basira, sai jihar Florida ta tsaya kan 70 cif. A 2014, a shari'ar Freddie Lee Hall wanda ya samu 71, kotun ta ce ba za a rataya ran mutum a kan lamba ɗaya ba, dole a duba kewayen kuskuren da sauran shaidu.

Abin da ya fi a aikace shi ne layi biyu. Ƙasa da na farko a sallama, sama da na biyu a ɗauki mataki, na tsakiya kuma a sake zama da su bayan mako biyu.

Mun fassara tambayoyin zuwa Hausa. Layin na nan yadda yake?

Kada a ɗauka haka. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ba ta tsayar wa SRQ-20 layi ɗaya ba, ta bar kowane wuri ya gwada ya samo nasa. Ɗaya daga tambayoyin PHQ-9 tana misali da kasa mai da hankali wajen karanta jarida ko kallon talabijin. Wannan ba rayuwar yawancin matanmu na karkara ba ce. Wasu tambayoyin kan gajiya ne da rashin cin abinci, abin da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini da laulayi ke kawowa, sai maki ya hau ba dalili. Shi ya sa EPDS ya kauce wa yawancin alamomin jiki.

Ta ɗaya ɓangaren, maki yana sauka saboda kunya da kawaici. Matar da aka tambaya a gaban surukarta ko tana kuka a ɓoye, alhamdulillahi za ta ce. Da yawa kuma ba sa cewa ina cikin damuwa, sai dai kaina ya yi nauyi, zuciyata na bugawa, jikina ba ƙarfi. Karanta wa mutum tambaya da baki a ɗakin da ake jin komai ba daidai yake da ya cike takarda shi kaɗai ba.

Akwai lokacin da za a ajiye maki gefe?

Akwai. Tambaya ta 9 a PHQ-9 da ta 10 a EPDS kan tunanin cutar da kai ne. Duk wanda ya amsa i, ko jimlarsa kaɗan ce, a zauna da shi a ranar, kada a bar shi shi kaɗai, a nemi babban ma'aikaci. Haka mai jegon da ta rikice cikin kwanakin farko, ba ta barci sam, tana jin muryoyi ko tana zargin jaririnta. Wannan yana samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, kuma na gaggawa ne. Iyali za su so a fara da ruƙiyya. Ba sai an yi jayayya da su ba, a yi addu'a a kuma hau mota. A nan nauyin saki rai ne, nata ko na jariri.

Ba mu da likitan ƙwaƙwalwa a ƙaramar hukumarmu. Mu yi gwajin ko mu bari?

Wilson da Jungner sun rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya sharuɗan tantance jama'a a 1968, kuma cikinsu akwai cewa dole a samu magani da wurin da za a yi shi. A lissafin yanke shawara, gwajin da ba zai sauya abin da za a yi ba amfaninsa sifili ne, illarsa kuwa tana nan. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Sai dai rashin likita ba shi ne rashin komai ba. Shirin mhGAP, wanda Hukumar ta ƙaddamar a 2008 ta kuma fitar da jagoransa a 2010, an yi shi ne don ma'aikatan da ba ƙwararru ba su iya gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali, su fara kulawa, su san wanda za su tura Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Dawanau. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi sirrin mara lafiya da kare shi daga wariya. Kafin a buga takardun gwaji, a fara horar da mutum ɗaya, a samu ɗaki mai ƙofa, a yanke wa zai riƙe rajista da inda za a kulle ta.

An gwada ɗana an ce basirarsa ta yi ƙasa. Me zan tambaya?

Baba, ka tambayi da wane harshe aka yi gwajin, domin yaron da bai iya Turanci ba zai faɗi ko da ya haddace izu goma a makarantar allo. Ka tambaya ko an duba kunnensa da idonsa, da ko ya karya kafin a gwada shi, da ko ya tashi daga zazzaɓi ne. Ka tambayi yaran da aka auna shi da su, na ƙauye ne irinsa ko na wata ƙasa. Ka nemi a ji ta bakin malamin ajinsa da mahaifiyarsa kan yadda yake aike da ƙirga canji da mu'amala da sa'o'insa, don ba a tabbatar da naƙasar basira da maki kaɗai. Sannan ka tambayi me za a yi masa saboda wannan sakamako, wa zai gani, kuma yaushe za a sake gwadawa. In amsar ita ce a cire shi daga aji, ka nemi a sake gwajin a wata rana, a hannun wani mutum dabam, kafin ka amince.